Hancin Malam Jatau

Ku gyara zama. Yau gardama na kawo muku, kuma ba mai tashi sai ya faɗi ra'ayinsa.

A cikin birnin Zariya akwai wani tsohon gidan ƙasa mai soraye, wanda baƙi kan zo kallon zanen bangonsa. Nan Inna Delu take, tsohuwa mai bakin tsiya da farin ciki, idanunta sun daɗe da rufewa. Mijinta, marigayi Malam Jatau, masassaƙi ne. Turmi da kujera yake yi don a ci abinci, amma da ya samu sarari sai ya sassaƙa dawakai da tsuntsaye da mutane. Gidajen adana kayan tarihi suka yi ta saye har ba a bar ko ɗaya ba. Bawan Allahn nan kuwa bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Kamanninsa ɗaya ne tak a duniya, wato kansa da ya sassaƙa da icen maɗaci yana duba madubi. Wannan kan ne Inna Delu take so ta shafa kafin ta bi mijinta, kuma ta sha faɗa wa 'ya'yanta uku.

Asabe, malamar makaranta, ita ta rataya jaka. Ta shiga wannan gidan tarihi ta fita wancan, a ce ta dawo gobe, goben ta dawo. Roƙonta shi ne a ba su aron aikin ubansu na wata guda, a nuna wa jama'a a gidan da aka sassaƙa shi. Da naci ta ci su. Suka turo jami'arsu, Malama Rifkatu, ta duba wurin. Tana ɗaga kai ta hango gara a azarar rufi, ta ce ita ba za ta kawo wa gara abinci ba.

Sai Sallau, babbansu, magini, ya ajiye aikin mutane ya hau soro. Ya kwance rufin, ya sake azara, ya yi yaɓe, ga damina tana matsowa. Ya faɗo daga tsani, ya ɗaure ƙafa ya sake hawa. Ba don shi ba, da ko tsuntsu ɗaya ba a sauke daga mota ba.

Aka buɗe nuni, gari ya cika gidan. Aka jawo Inna Delu gaban kan mijinta, ta miƙa hannu, sai ta ji sanyin gilashi, ashe a akwati aka rufe shi.

Malama Rifkatu ta rusuna ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, kayan aro ne, gumin hannu yana ɓata ice. In ya zama dole, sai da safar hannu."

Inna ta ce, "'Yar nan, ni ban taɓa shafa fuskar mijina da safa ba."

Ta koma ɗaki. Tana jin mutane a zaure suna yabon mijinta, ita kuwa baƙin ciki ya hana ta cin tuwo. Haka har ya rage gobe a kwashe kaya.

To, ga Tanko, autansu, tela, wanda kowa ya ɗauka ba abin da ya iya sai barkwanci. Ya samu Malama Rifkatu ya ce, "Malama, kin sha aiki amma ba ki yi kallo ba. Ɗaure idonki da gyalenki in zagaya da ke." Ta yi dariya ta ɗaure. Ya ja bakin gyalen har gaban akwatin gilashin, ya ce, "Ga Baba nan. Kin ga yadda ya yi kyau?" Ta laluba, ta laluba, ba abin da ta ji sai gilashi. Da ta kwance gyalen sai ta ce a kawo wa Inna ruwa da sabulu ta wanke hannu, a buɗe mata akwatin, in an tambaya ita za ta amsa.

Inna Delu ta shafa goshi, ta bi tsagen kumatu, ta sauko gemu. Da ta koma kan hanci sai ta tsaya.

Ta ce, "Jatau, ka ji tsoron Allah. Wannan dogon hancin, na wa ka aro?"

Ta yi dariya har da hawaye, ta riƙe kan da hannu biyu ta daɗe ba ta saki ba.

Washegari, bayan mota ta tafi, Inna Delu ta jawo gizagon sassaƙar Malam Jatau daga ƙarƙashin gado, ta ce na wanda ya dawo mata da mijinta ne. Gizago ɗaya, 'ya'ya uku, ga shi tana son kowannensu kamar ranta.

To, jama'a, da Asabe da Sallau da Tanko, a hannun wa za ta sa shi?