Baƙon Bango a Ɗakin Sallau

An ce a wani gari an yi wani alƙali, Malam Zubairu, mai jinkirin magana da saurin ganewa. Wata rana ana tsakiyar damina sai ga Alhaji Ɗanjummai, mai gidajen haya, ya jawo ɗan hayarsa Sallau tela gabansa.

"Allah ya gafarta Malam, a fitar mini da wannan mutum yau," in ji Alhaji. "Ɗaki fes na ba shi, ya shigo mini da iskokinsa. Sau nawa ina shafa farar ƙasa, abin yana dawowa."

Alƙali ya ce a je a gani.

Suna shiga, sanyi ya kama ƙafafunsu, warin ruma ya tare su. Baƙar fumfuna ta taso daga gindin bango, ta yi kai, ta yi kafaɗu, kamar mutum yana fitowa daga cikin ruwa. A gefe 'yar Sallau, Lantana, tana kwance a tabarma, ƙirjinta na kuka. Ta dubi bangon ta ce, "Baba, yau ya ɗago hannu."



Sallau ya durƙusa. "Malam, ni ban zo da kowa ba sai keken ɗinkina. In aka kore ni da sunan mai iskoki, wa zai ba ni ɗaki a garin nan? Ina zan kai yarinyar nan cikin ruwan sama?"

Alhaji ya ce, "Ƙarya yake, ranka ya daɗe. Matarsa a ciki take girki, a ciki take shanya. In ba aljanu ba ne, to ƙazantarsu ce."

Alƙali ya daɗe yana kallon bangon, sannan ya ce, "Alhaji, ka ce ɗakinka lafiyayye ne, kuma abin nasu ne. Abin mutum kuwa bin sa yake yi. Saboda haka Sallau da iyalinsa su koma ɗakin da kake kwana, kai da iyalinka ku dawo nan har damina ta wuce. In baƙon ya bi Sallau, nasa ne, ya bar maka gida. In ya zauna tare da kai, ka san mai shi."

 Kafin Alhaji ya kama bakinsa ya ce, "Jikokina su kwana a kan rijiyar?"

Alƙali ya ce, "Wace rijiya, Alhaji?"

Da kyar maganar ta fito. Ashe tsohuwar rijiya ce da ta taɓa cin mutum, unguwa ta ƙaurace mata. Shi kuwa maimakon ya cike ta, sai ya shimfiɗa katako, ya zuba siminti, ya tayar da ɗaki.

Aka kawo diga, aka fasa daɓen. Katakon ya ruɓe, saura ƙiris ya rufta. A ƙasa ga baƙin ruwa cike har baki, yana motsi a hankali, alhali ko iska ba ta kaɗawa.

Alƙali ya yanke cewa Alhaji ya cike rijiyar, ya yi jinyar yarinyar, kuma Sallau ya zauna a ɗakin Alhaji har a gyara wannan.

Masu hankali suka ce: ɗakin da ba za ka shimfiɗa wa jininka tabarma a ciki ba, kada ka miƙa wa ɗan wani makullinsa.