Katin Barau da Ragon 'Yan Kokawa

Ku gyara zama. Wannan ba ta Gizo ba ce, ta Barau ce, mai shagon haɗa bidiyo a bakin tashar Talata Mafara.

Barau dai bakinsa ya fi hannunsa aiki. Tun da ya sayo wata ƙatuwar kwamfuta daga Kano ya hana majalisa sakat. "Ku masu 'yan laftof wasan yara kuke yi," in ji shi. "Taku, mai sarrafa hoton a cikin ƙwaƙwalwarta yake, kwano ɗaya suke ci da maigida. Tawa kuwa katin hoto gare ta mai cin gashin kansa, da rumbunsa da fankokinsa. Ko bidiyon tashin duniya aka kawo mini, kafin shayi ya huce na gama."

Magana ta kai kunnen Sarkin Kokawa. Ya aiko masa da bidiyon gasar kaka kaf, ya ce a haɗa fim guda, a haska wa jama'a ranar kasuwa bayan Magariba. Ladan aiki rago ne, mai wuya kamar turmi. Barau ya bugi ƙirji.

Da ya zauna aiki, sai kwamfuta ta kama tafiyar hawainiya. Ɗan kokawa zai ɗaga ƙafa, sai ya tsaya a sama kamar an yi masa asiri. Ranar kasuwa da hantsi kuma aka ɗauke wuta. Barau ya dubi allo baƙi ƙirin, ya tuna faɗin kafaɗun mutanen da ya yi wa alkawari, nan take ciwon kai ya sauko masa. Ya ɗaure goshi da rawani, ya kwanta a benci yana fuskantar bango. Sai dai kunnensa na nan a buɗe. Abokansa uku na majalisa suka ce ba za su bari a yi raga-raga da nasu ba.

Nomau, malamin firamare, ya ɗauko 'yar laftof ɗinsa, wadda Barau ke kira faranti. Ba ta da kati, amma ba ta da haɗama, batirinta na kai ta nesa. A kanta ya yanke bidiyon, ya jera karawa bayan karawa, ya sa kiɗa inda ya dace, duk gari babu wuta. Ba don ita ba, da ba a sami abin haɗawa ba. Amma da aka zo fitar da fim ɗin, faranti ta ce sai gobe war haka, ga batiri ya fara ja.

Kallamu mai gyaran waya, wanda tsokana ta fi abinci daɗi a wurinsa, ya kwance cikin kwamfutar Barau. Sai aka ji ya ƙyalƙyale da dariya. Ashe tun ranar da aka sayo ta ba a taɓa haɗa wa katin wayarsa ta wuta ba, wayar allo ma a ramin sama take, ba a na katin ba. Duk cika bakin nan, ƙaramin mai sarrafa hoto na cikin ƙwaƙwalwa ke ta ɗaukar kaya shi kaɗai, ƙato na barci. Har zanzaro ya gina ɗaki a fankarsa. Kallamu ya ɓamɓare ɗakin ya jefa aljihu, ya mai da kowace waya mazauninta. Ba don shi ba, da kati bai farka ba.

To amma ƙato ba ya tashi da yunwa. Aka ara ɗan janaretan mai aski, kati ya ja wuta sau ɗaya, janareta ya yi tari ya mutu. Sai Sallau mai walda ya ajiye ƙofar da yake wa wani Alhaji, Alhajin na tsaye yana faɗa, ya turo babban janaretansa a baro tun daga bayan kasuwa, da mansa da komai. Fankoki suka ɗau kuka, aka juye aikin Nomau cikin kwamfutar Barau. Aikin da faranti ta ce sai gobe, kafin a kira La'asar ya fito sumul. Ba don Sallau ba, da gyaran Kallamu ya zama ado.

Jin an ce an gama, ciwon kan Barau ya warke. Ya sa babbar riga, ya sa aka ɗauki kwamfutar har fili don a ga mai aikin. Aka haska fim a bango, jama'a na ihu, kowa na nuna ɗan garinsu. Aka jawo rago.

"Ranka ya daɗe, ai ƙaramin aiki ne," in ji Barau, yana miƙa hannu ga igiya. "Ni da katina kawai."

Sarkin Kokawa ya ce, "Madalla. Nuna mana shi mana, mu ga gwanin."

Barau ya leƙa cikin kwamfuta, ya ga wani akwati mai fanka, ya dafa shi da alfahari. "Ga dodon nan."

"Wannan akwatin wuta ne, Malam Barau," in ji Kallamu. Ya zaro ɗakin zanzaro daga aljihu ya ɗaga sama. "Katin na ƙasa. Ga ma ɗan hayan da ka zuba masa, yana gaishe ka."

Fili ya kece da dariya, har makaɗa suka saki ganga. Barau ya saki igiya, ya shiga laluben rawaninsa.

Sarkin Kokawa ya ce rago ba zai koma gida ba, kuma ba za a yanka a raba ba, mutum ɗaya zai ja shi. To, ku da kuke zaune, tsakanin Nomau mai faranti, da Kallamu da ya tashi ƙato, da Sallau da ya ciyar da shi, wa za a miƙa wa igiyar?