Kofin Ruwan Ciyaman

Yaya Zulai, an gama! Ciyaman ya yarda, za a haƙa mana burtsatse!

Kin tuna masu bincike daga jami'a sun ce rijiyar makarantarmu ce ke sa mu amai da gudawa? To yau Ciyaman ya zo makarantar, aka karanta masa rahoton, sai cewa ya yi, "Ni ba na aiki da takarda. A nuna mini ƙwayar cutar in gani da idona, ko a bar maganar."

Sai ga Iya Tabawa mai dafa mana abinci, ta durƙusa da kofi.

"Ranka ya daɗe, mun yi abin kunya, tun zuwanka ba a ba ka ruwa ba."

"Na ina ne?"

"Na rijiyar. Duba da kyau, ka ga ƙwaya?"

"Ban gani ba."

"Madalla da idon manya! To, bismillah."

"Iya... azumi nake."

"Allah sarki, da goro a kumatu? Ba komai, ma jira magariba. In ka sha, 'yan jami'a sun yi ƙarya. In ka ƙi, ka gaskata takardarsu ke nan."

Ya dubi kofin, ya dubi jama'a, ya jiƙe sharkaf da gumi. "Ina rahoton nan? Ai dama gwada ku nake yi."

"Mun sani, ranka ya daɗe. Ruwan fa, a ƙulla maka na hanya?"

Wallahi har hedimasta sai da ya tuntsire da dariya! Amma don Allah kar ki gaya wa kowa tukuna, sai mun ga motar haƙa da idonmu.