Gwauruwar da Ta Koma Bencin Horo

Ranar Lahadi, tara ga watan Yuni, aka zaunar da yarinya 'yar shekara goma sha uku a bencin horo, can bayan majami'a, inda ake ajiye masu laifi. Ku ji misalin.

Akwai wata gwauruwa, Damaris, tana zaune da 'yarta Keziya a gidan wan mijinta, wanda shi ne mai ba da waƙa a sujada. Wata rana suna tsince wake, Keziya ta ce, "Mama, in kin tafi gona, Baba Babba yakan rufe ni a ɗaki. Yana yi mini abin da bai kamata ba."

Damaris ta san 'yarta ba ta ƙarya. Amma ɗakin da suke kwana nasa ne, gonar ma tasa ce. Surukarta ta ce, "Ki rufa wa gida asiri." Ƙawarta ta zumuntar mata ta ce, "In maganar ta fita, wa zai aure ta?" Ta rasa wadda za ta bi, sai ta kai wa dattawan ikkilisiya maganar. Suka ce yarinyar ta zauna a baya har a bincika. Mutumin kuwa ya ci gaba da ba da waƙa.

"Mama, me na yi?" in ji Keziya.

"Ban sani ba, 'yata."

Lahadi uku Damaris tana zaune cikin mata, ta buɗe littafin waƙa, ta kasa rerawa. A ta huɗu ta tashi ana tsakiyar waƙa, ta je ta zauna kusa da 'yarta. Ta ce, "Ban san inda za mu koma ba. Amma na yarda da ke."

Ma'anar misalin ke nan: ba rashin ƙauna ne ya jinkirta uwar ba, tsoron rasa ɗaki da gona ne, da bakin mutane. Mutanen kuwa mu ne. Wa ya ce mata, "Ga ɗaki a gidana"? Wa ya raka ta wurin hukuma? Shekara talatin da biyar ina koyarwa a makaranta, ban taɓa hukunta yaron da ya kawo ƙara na bar wanda aka yi ƙararsa ba. Har yau na kasa gane lissafin dattawan nan.

Don haka a sauke mutumin daga ba da waƙa, a miƙa shi ga hukuma. A gaban jama'a aka kunyata Keziya. Dattawa su tsaya a gaban jama'ar nan ranar Lahadi, su roƙi gafararta, ita da uwarta.