Rigar Baffa Hambali

Akwai wani maɗinki a Birnin Kudu, tun zamanin da Turawa ba su shigo ƙasar Kano ba, sunansa Badaru. Ɗinkin manyan riguna ya gada a wurin mahaifinsa, Malam Sada, kuma hannunsa yana da kyau.

A wancan lokacin sai an zana ado a jikin riga da alƙalami da tawada, sannan maɗinki ya bi layin da allura. Zane na ƙarshe da Malam Sada ya yi kafin ya rasu, a kan wata farar riga ya yi shi, domin ƙanensa Hambali da ke zaune a Gwaram. A ƙirjin rigar ya zana wani irin dagi mai layuka masu shiga cikin juna, wanda ba a taɓa ganin irinsa a garin ba. Bai sa masa ko zare ɗaya ba ajali ya zo.

Ranar zaman makoki Badaru ya durƙusa gaban baffansa ya ce, "Baffa, ni zan ƙarasa maka ita. Kafin kaka za ka sa."

Kaka bakwai ta wuce.

Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce aiki ne ya yi masa yawa. Gaskiyar kuwa, sau biyu yana buɗe rigar yana bin layin da ido, yana ɓata a tsakiya. Tsoron zanen yake ji, kuma ba ya so a ce ɗan Malam Sada ya kasa. Sai ya naɗe ta ya cusa a ƙasan adudu.

Wata rana wani mai jaki daga Gwaram ya yi sallama a zaurensa.

"Baffanka yana gaishe ka. Yanar ido ta fara rufe masa gani, mutum ma sai ya matso yake shaida shi. Ya ce in gaya maka, in likkafani kake shirin yi masa da rigar nan ka huta, likkafani ba ya son ado."

Mutanen zaure suka yi dariya. Badaru ma ya yi.

Ya shiga gida ya zazzage adudun. Ashe wata damina ɗaki ya yi yoyo, ruwa ya shiga. Rabin zanen yana nan, rabin kuwa tawada ta wanke, sai wani dishi-dishi.

Ya zauna da zaren tsamiya ya ɗinke rabin da ake gani cikin wata biyu. Da ya zo inda layi ya ɓace sai ya fara kintace. Ya ɗinka, ya ga layukan sun ƙi haɗuwa, ya warware. Ya sake, ya warware. A karo na uku yadin ya fara yin laushi a wurin.

Matarsa Hawwa, wadda take kaɗa masa zare, ta ce, "Malam, in ka sake warwarewa rami za ka kai masa. Ka je ka gaya masa gaskiya mana."

"In ce masa me? Na bar zanen yayansa ruwa ya cinye?"

"To ai ya cinye ɗin. Idonsa kuma ba zai jira ka gama jin kunya ba."

Badaru ya naɗe rigar ya ajiye. Amma da ya ji fatake za su tashi zuwa Gwaram ranar Laraba, ya ɗaure rigar a tsumma ya bi su. Kwana biyu suna tafe yana shirya abin da zai faɗa.

Ya tarar da Baffa Hambali a ƙofar gida kan buzu. Bayan gaisuwa ya kwance ƙullin, ya sunkuyar da kai.

"Baffa, ban iya ba. Tun ranar farko ban gane zanen nan ba, kunya ta hana ni faɗa. Yanzu ga shi rabinsa ya goge, mai shi kuma ba ya nan."

Tsoho ya jawo rigar har kusa da hancinsa, yana shafa ɗinkin da yatsa. Can sai ya ƙyalƙyale da dariya.

"Shekara bakwai! Kai Badaru, Allah ya shirye ka. Dada! Sauko mini da ƙwaryar Inna."

Matarsa Dada ta fito da wata tsohuwar ƙwarya, ta yi ja saboda shekaru, an ɗinke bakinta a wuri biyu. Ta kife ta a gaban Badaru.

Ga zanen nan a bayanta, cikakke, an sassaƙa shi da wuƙa.

"Wannan ƙwaryar nonon kakarka ce, tun muna bin shanu," in ji Baffa Hambali. "Ita ta yi wannan da hannunta. Ubanka kwana uku ya yi a nan inda kake zaune yana kwaikwayo, yana tsaki, kafin ya gane inda layin ya dosa. Kana tsammani daga sama ya faɗo masa? Ni abin da nake so, in sa hannun uwata a ƙirjina."

Badaru ya ɗauki ƙwaryar. Ya sa ɗan yatsa a bakin layin ya bi. Ashe layi ɗaya ne tak, yana hawa kan kansa yana bi ta ƙarƙashi, har ya komo inda ya tashi. Shi kuwa duk shekarun nan layi huɗu yake nema.

Ya sauke wata irin ajiyar zuciya har Dada ta ce, "A'a, a kawo maka ruwa ne?"

Bai koma gida ba. Ya aika wa Hawwa saƙo, ya zauna a Gwaram kwana arba'in, ƙwarya a gabansa, riga a gwiwarsa. Kullum tsoho yana gefe yana tsokanarsa: "Yau ma warwara za a yi ko ɗinki?"

Ranar da ya yanke zaren ƙarshe, da hantsi, Baffa Hambali ya sa aka kai shi inda rana take. Ya ɗaga rigar, ya ƙura mata ido ya daɗe.

"Ina gani," ya ce a hankali. "Ba sosai ba, amma ina gani. Ita ce. Allah ya yi maka albarka, ɗan nan."

Da ita ya tafi masallaci ranar Juma'a, Badaru yana riƙe da hannunsa.

Darasi: Faɗin "ban iya ba" bai taɓa rage darajar mai sana'a ba. Abin da ke cin alkawari shi ne ɓoye gazawa har lokaci ya ƙure. In akwai wanda ka yi wa alkawari ya gagare ka, je ka same shi tun yana da rai da lafiya, wataƙila abin da kake nema yana ɗakinsa. Ku tura wa 'yan uwa, ko wani zai tuna da nasa adudun.