Ganyen da Gawo Ya Ara

Dalilin da ya sa gawo yake tsayawa tsirara da damina, sai Kirsimeti ta gabato ya yi ado da ganye, shi za ku ji yanzu. Ku matso. Kai, ajiye ƙashin kazar nan haka, ba abin da ya rage a jikinsa.

Da can gawo kamar sauran itatuwa yake, ganye da damina, ƙaya zalla da rani. Akwai guda a tsakiyar gonar wani manomi mai saurin fushi, sunansa Dogara. Inuwar gawon ta hana geronsa yin kai, har ya wasa gatari ya ce, "Bari a gama Kirsimeti, ni da kai ne."

Ranar Kirsimeti, da aka tashi daga sujada, matarsa Dinatu ta ɗauki kwanon shinkafa za ta kai wa uwarsa a ƙauyen gaba, kamar kowace shekara. Ga cikinta ya tsufa. Ya ce ta bari, ta ce, "Haba maigida! Ranar haihuwar Mai Ceto, Inna ta ci ɗumame?" Ya bi ta yana gunaguni.

Suna tsakiyar gonar naƙuda ta kama ta. Rana ta take, an girbe komai, ko'ina fetal. Ya kwantar da ita a gindin gawo, nan ta haifi 'ya mace. Ya tuɓe rigarsa ya kare su, amma ina! Kukan jaririyar ya fara shaƙewa. Tsoro ya kama Dogara, ya ɗaga kai ya ce, "Ya Allah, kai da ka sama wa Yesu makwanci a komin dabbobi, ka sama wa 'yata inuwa!"

Gawo ya ji, ya ce, "Ubangiji, ara mini ganyen damina mai zuwa."

Murya ta amsa daga sama, "In ka karɓa yau, kowace damina tsirara za ta same ka, har abada. Ga gatarin mutumin nan yana jiranka."

Gawo ya ce, "Na sani. Ai ba jaririyar ce ta wasa shi ba."

Nan take rassan suka motsa, ba iska ba komai. Ganye ya riƙa tsattsagowa ta tsakanin ƙayoyi, kore shar, har sanyi ya lulluɓe uwa da 'ya. Jaririyar ta callara kuka mai ƙarfi. Dogara ya zube a kan gwiwoyinsa. Ni kaina, duk sanda na zo wurin nan a labarin sai tsigar jikina ta tashi.

Gatari kuwa tsatsa ta cinye shi a bayan rumbu. Da damina ta zo gawo ya tsaya tsirara, rana ta sami gero, ya yi kyan da bai taɓa yi ba.

Shi ya sa har yau gawo ba ya ganye sai lokacin Kirsimeti. In kun wuce ta gindinsa kuna taƙama da sababbin kayanku, ku gaishe shi. Shi ma nasa ya sa, kuma sun fi naku tsada.