Takalman Baba

A gida Auta ake ce masa, domin shi ne ƙaramin ɗan wani tsohon shugaban makaranta. Allah ya ba shi murya irin wadda kan tsayar da mai tafiya, kuma waƙar sol yake yi, wadda ake rerawa daga can ƙasan zuciya. Aibinsa ɗaya ne, amma babba ne: duk abin da ya gani na baƙin cikin mutane, kafin tausayi ya zo masa, tunanin waƙa ya riga ya zo. Ka faɗa masa damuwarka yana gyaɗa kai, ashe baiti yake jerawa.

Su huɗu ne a ƙungiyarsu: shi, da mai jita, da mai ganga, da wata mawaƙiya da suke kira Doguwa. Sun yi suna ƙwarai. Suna da wata ƙa'ida da suka gindaya wa kansu tun ba su da kowa: duk waƙar da ta taɓa rayuwar wani, sai an kai masa ya saurara ya yarda kafin duniya ta ji. In ya ce a'a, an binne ta ke nan. Auta ya tsani wannan ƙa'ida, don waƙoƙinsa ne suka fi shan binnewa.

Ana haka, ciwon mantuwa ya kama mahaifinsa. Mutumin da bai taɓa fita ƙofar gida da maɓallin riga a buɗe ba, wanda ɗalibai kan miƙe tsaye in sun ji takunsa, ya koma ba ya tuna ya ci abinci ko bai ci ba. Babbar 'yarsa, wadda Auta ke kira Yaya, ta bar aikinta ta dawo gida jinya. Ita ke yi masa aski, ita ke ɓalla masa maɓallai har wuya, ita ke sallamar masu gaisuwa ranar da jikin ya motsa, don kada a gan shi a wani hali.

Wata safiya Auta ya zo gaisuwa, ya tarar da Baba a tsakiyar ɗaki yana lalube ƙarƙashin gado, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Yana ta maimaitawa, "Ku ba ni takalmina, yara na jirana." Makarantar da ya bari shekaru da yawa ce yake son zuwa. Yaya ta durƙusa tana lallashinsa. Shi kuwa Auta, ɗan da aka haifa aka yi wa tarbiyya, sai ya zaro waya a hankali ya danna ɗaukar murya.

Ya kai wa abokansa muryar a ɗakin da suke gwajin waƙa, ya ce da wannan kukan za a buɗe sabuwar waƙa. Mai ganga ya sunkuyar da kai. Doguwa ta tambaye shi ko Baba ya yarda, ya ce ai Baba ba ya gane komai yanzu.

Ta ce, "To shi ya sa ba za mu yi ba. Wanda ba zai iya cewa a'a ba, mu ne za mu ce masa."

Auta ya fusata. Ya ce hassada ce, ya ce shekara da shekaru suna danne masa basira, ya ce muryarsa ce ke ciyar da su duka. Ya ɗauki jakarsa ya fice, ya shelanta wa duniya cewa ya bar ƙungiya, kuma kundinsa na farko shi kaɗai yana nan tafe. Mai kamfanin waƙar da ya ɗauke shi ya ji kukan tsohon, ya tafa hannu don murna, bai tambayi ko uban wane ne ba.

Kundin ya fito, ya kuma karɓu fiye da yadda kowa ya zata. Masu sharhi suka ce ba a taɓa jin gaskiya tsirara irin wannan ba. Amma titi ba ya sharhi. Samari suka yanke muryar Baba daga waƙar, suka ɗora ta a kan kiɗan rawa. Ta zama ƙarar kiran waya. Ma'aikaci in zai tashi daga ofis sai ya marairaice murya ya ce a ba shi takalminsa yara na jiransa, a kwashe da dariya. Tsofaffin ɗaliban Baba sun gane muryar tun daga kalmar farko, wasu suka kira gida suna kuka don takaici.

Yaya a layin ganin likita ta fara ji, daga wayar wani da ke zaune kusa da ita, Baba kuma yana gefenta. Ta kira Auta, ta faɗa masa cewa abin da ta kwashe tsawon jinya tana rufewa da jikinta, shi ya yaye shi a rana ɗaya don a tafa masa. Ya ce ba ta fahimci fasaha ba ne, ai karrama Baba ya yi.

Da aka ba shi lambar yabo, ya ɗauko ta ya nufi gida don ya nuna musu. Ya tarar da Baba zaune a baranda da rana tsaka, an ɓalla masa maɓallan riga har wuya, jikin da sauƙi. Bai gane Auta ba, amma ya nuna masa kujera cikin mutunci irin na da. Suna zaune, mai shagon gyaran waya da ke tsallaken titi ya ƙure lasifika, kukan ya cika layin, wasu yara suna kwaikwayo suna tsalle.

Baba ya kasa kunne. Fuskarsa ta canza, irin yadda takan canza a da in ya ga an zalunci ƙaramin ɗalibi. Ya juyo ya ce, "Ɗan samari, wane bawan Allah ne wannan ake yi wa dariya? Ba shi da 'ya'ya ne?"

Yaya ce ta amsa daga bakin ƙofa, ta ce yana da su.

Baba ya girgiza kai ya ce, "A'a, 'yata. Da yana da ɗa, da ya rufa masa asiri."

Washegari Auta ya roƙi kamfani a janye waƙar, aka janye, amma ta riga ta shiga kowace waya. Tun daga ranar, in ya zo gaisuwa, Yaya kan miƙa hannu a bakin ƙofa ta karɓi wayarsa kafin ya shiga ɗakin ubansa, kamar baƙon da ba a yarda da shi ba. Har Baba ya rasu, tsakaninsa da Auta bai wuce "ɗan samari" ba. A wurin wasa kuwa, duk waƙar da Auta ya ɗauko, jama'a waccan suke ihun ya rera.

Darasin shi ne, baiwa ba ta ba mutum izinin taɓa mutuncin kowa, balle na wanda rauni ya hana shi kare kansa. Abokan da suka ce maka kada ka yi, sau da yawa ba danne ka suke yi ba, tsare ka suke yi. Kafin ka fitar da abin da ka gani a cikin gida, ka tambayi kanka ko mai shi zai yarda, domin ranar da ka yi nadama, ba za ka iya bin mutane ɗaya bayan ɗaya ka karɓo abin da suka ji ba.